Gidajen Hutu na Bakin Teku a Ƙasar Wels da Makomar Harshenta

Gabatarwa

Ƙasar Wels wani yanki ne na Birtaniya da ke yamma da Ingila, teku kuma ta kewaye ta ta fuskoki uku. Mutanenta suna da harshensu na gado, wato Welshanci, wanda su da bakinsu suke kira Cymraeg. Wannan maƙala za ta yi bayani ne a kan wani irin gida da ya yawaita a karkarar ƙasar, wato gidan hutu na ciyar da kai, sannan ta nuna yadda al'amarin gida ya koma al'amarin harshe.

Yadda gidan yake

A ƙasar Hausa, idan baƙo ya sauka, abincinsa yana wuyan mai masaukinsa. Gidan hutu na ciyar da kai kuwa ba haka yake ba. Baƙo zai kama hayar gida sukutum, galibi na mako guda, a ba shi makulli, ya tarar da gado da shimfiɗa da tukwane da murhu, amma cefane da girki nasa ne. Yawancin waɗannan gidaje tsofaffin gidajen manoma ne da na masunta da na mahaƙan dutse, gininsu na dutse, rufinsu na fallen dutse, aka gyara su aka sa musu kayan zamani. Akan same su da yawa a gundumomin Gwynedd da Pembrokeshire da tsibirin Anglesey. Abin da ke jawo baƙi shi ne rairayin bakin teku da hanyar ƙafa mai tsawon mil 870 da aka buɗe a 2012, wadda ta bi gaɓar tekun ƙasar. Kasuwar gidajen takan ci ne da bazarar Turai, musamman a watannin Yuli da Agusta. Da hunturu kuwa da yawa daga cikinsu a kulle suke.

Mafarin al'amarin

A cikin ƙarni na ashirin noma ya rage bukatar hannaye, manyan wuraren haƙar dutse kuma suka yi ta rufewa, kamar na Dinorwig da aka rufe a 1969. Samari suka nufi birane neman aiki, gidajen iyayensu suka zama kufai. Masu hali daga biranen Ingila suka same su da araha suka saye, wasu don zuwa hutu da iyalinsu, wasu don bayar da haya. Babu musun cewa sana'ar ta kawo alheri, domin manomi da ya mayar da tsohon rumbunsa gidan haya ya sami abin toshe kafa, haka ma magina da masu shara da masu kantuna. Amma yawan masu saye ya ɗaga farashin gidaje har ya fi ƙarfin ɗan gari mai ƙaramin albashi.

Abin da ya shafi harshe

Nan ne gizo ke saƙa. Ƙauyukan da baƙi suka fi so su ne kuma, a mafi yawan lokaci, inda Welshanci ya fi ƙarfi. Ƙidayar 2021 ta nuna cewa masu jin harshen a ƙasar su 538,300 ne, wato kashi 17.8 cikin ɗari, alhali a 1901 sun kai kusan rabin jama'a. A Gwynedd kuwa har a 2021 sun haura kashi 60 cikin ɗari. Idan saurayi da amaryarsa suka kasa samun gida a ƙauyensu, dole su ƙaura. Idan suka ƙaura, yara sun ragu a makaranta, masu ciniki sun ragu a kanti. Alal misali, a ƙarshen 2021 an rufe makarantar firamare ta ƙauyen Abersoch, wadda ke koyarwa da Welshanci, saboda ƙarancin ɗalibai. Hausawa na cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Harshe kuwa a bakin ɗan gari yake rayuwa, a kasuwa da makaranta da wurin ibada, ran rani da ran damina.

Martanin jama'a da na hukuma

A 1962 marubucin nan Saunders Lewis ya yi lacca a rediyo yana gargaɗi a kan makomar harshen, a shekarar kuma aka kafa ƙungiyar Cymdeithas yr Iaith Gymraeg, wadda ta daɗe tana cewa kare harshe ba ya yiwuwa sai an duba batun gidaje. Wasu kuwa suka zaɓi hanyar ɓarna: daga Disamba 1979 zuwa farkon shekarun 1990 an kai hare-haren ƙone-ƙone fiye da 200, yawancinsu a kan gidajen hutu, aka danganta su da wata ƙungiyar ɓoye mai suna Meibion Glyndŵr.

Daga baya hukuma ta ɗauki hanyar haraji. A 2017 aka ba ƙananan hukumomi ikon ninka harajin gida a kan gidan da ba mazaunin kullum ba ne, a Afrilun 2023 kuma aka ɗaga iyakar ƙarin zuwa kashi 300 cikin ɗari. A wannan shekara ce aka gindaya cewa ba za a lasafta gida a matsayin wurin sana'a ba sai an sa shi a kasuwa kwana 252, an kuma kama hayarsa kwana 182 a shekara. Masu gidajen haya sun koka cewa sharaɗin ya yi tsauri, musamman ga gidajen da ke nesa da teku.

Kammalawa

A 2017 gwamnatin Wels ta ɗaura aniyar kai masu jin Welshanci miliyan ɗaya nan da 2050. Makaranta za ta iya koya wa yaro harshe, amma cikar wannan buri ya rataya a kan ko yaron zai sami ɗakin zama a ƙauyen da ake magana da harshen. Wannan darasi ne da ya kamata ɗaliban harshe su riƙe a duk lokacin da suke nazarin ƙananan harsunan da ke maƙwabtaka da manya.