Ranar da Oga Ya Tafi Dutse

Ranar da aka kira hedimasta taro a sakatariyar Gwaram, ko shugaban asibiti ya tafi Dutse, ranar ce ake gane irin riƙon da yake yi wa ma'aikatansa. A wata makarantar darasi ba ya tsayawa. A wata kuwa, kafin azahar malamai sun watse, wannan gona, wancan kasuwa.

Masana sun taɓa gwada wannan. A 1939, Kurt Lewin da Ronald Lippitt da Ralph White na Jami'ar Iowa a Amurka sun fitar da sakamakon wani gwaji: sun raba yara maza 'yan kimanin shekara 10 rukuni-rukuni, suka ba su aikin hannu. Rukunin da aka ɗora wa shugaba mai kama-karya ya yi aiki da yawa, amma da zarar shugaban ya fita daga ɗakin sai hannu ya yi sanyi. Waɗanda aka yi wa ko-in-kula su suka fi kowa shiririta. Masu shugaba mai shawara sun ci gaba da aiki ko ba ya nan, sai dai shawara tana cin lokaci, kuma mai naƙuda ba ta jiran a gama taro.

Akwai wani salo da gwajin bai taɓo ba, shi ne kuma ya fi damuna, domin daga Maruta har Birnin Kudu shi muka fi yabo: shugaba uba. Yana zuwa suna, yana zuwa ta'aziyya, yana ranta maka kuɗi kafin albashi ya shigo. Mutumin kirki ne, ba na musu. To amma wa zai dubi idon wanda ya biya wa ɗansa kuɗin magani ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan tsarin ba zai yi ba"? Mai tsawa tsoro ne ke rufe wa mutane baki a gabansa, shi kuwa wannan kunya ce. Shi ma nauyi ke hana shi ba wa makararre takardar tuhuma, musamman idan surukin wani babba ne. A hankali sai a samu 'yan mowa da 'yan bora, mai ƙwazo ya fara neman canjin wurin aiki.

Ma'aikaciyar da ta ga firijin allurar rigakafi ya kwana ba wuta tana da abin faɗa da sassafe. Idan tana tsoron oga, ko tana jin nauyinsa, shiru za ta yi, kuma iyaye mata sun riga sun jeru a baranda da jarirai a goye.