Tafkin Kainji: Namun daji na nan, baƙi sun ƙaurace

A shekarar 1968 aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a kan Kogin Neja. Ruwa ya shanye tsohon garin Bussa, aka sake wa mutanensa matsuguni, tafkin da ya samu kuma ya zama abin dogaron masunta.

A 1979 gwamnatin tarayya ta haɗe dazukan Borgu da Zugurma, ta kafa gandun namun daji mai faɗin sama da murabba'in kilomita 5,000 a jihohin Neja da Kwara. Akwai gwanki da ɓauna da gwaggon biri, ga dorina da kada a Kogin Oli. Da rani aka fi kai ziyara, lokacin da ciyawa ta bushe, dabbobi suka taru a bakin ruwa.

Sai dai a shekarun nan 'yan bindiga sun samu mafaka a dajin, masu yawon buɗe ido suka ja da baya. Inda ma'aikacin gandu ya kasa sintiri, mafarauci ne ke cin kasuwarsa. Alhakin kula da gandun yana wuyan hukumar gandayen namun daji ta ƙasa da ke Abuja, amma maido da tsaro ya fi ƙarfinta ita kaɗai.