Hattara da muryar bogi a waya

Ƙirƙirarriyar basira wata fasahar kwamfuta ce mai kwaikwayon ɗan Adam. Idan ta samu ɗan gajeren saƙon muryar mutum, irin na WhatsApp, tana iya faɗin abin da bai taɓa faɗa ba, da muryarsa sak.

A shekarar 2024, a birnin Hong Kong na ƙasar Sin, ƴan damfara sun kwaikwayi fuska da muryar manyan wani kamfani, har ma'aikacinsa ya tura musu kimanin dala miliyan 25.

A Dogon Dutsi da Tibiri, gidaje da yawa suna da ɗa ko miji a wurin cin rani. Idan aka kira ku da muryarsa yana neman kuɗi da gaggawa:

1. Ku kashe wayar, ku kira lambarsa da kuka sani.
2. Ku tambaye shi abin da ƴan gida kaɗai suka sani.
3. Kada ku ba kowa lambar sirrin asusunku.
4. Idan an cuce ku, ku kai ƙara wurin jandarma ko ƴan sanda. Dokar Nijar ta 2019 tana hukunta zamba ta intanet.