Ƙwallon Tebur Da Nakasassunmu: Wa Zai Sauko Da Teburin?

A jami'ar da nake koyarwa akwai teburan ƙwallo guda biyu, dukansu a saman bene. Kwanakin baya na hau can da yamma domin motsa jini, sai na tarar da wani ɗalibina wanda shan inna ya kama tun yana goye, abokansa huɗu sun ɗauko shi cak da kekensa sun hau da shi. Ya ce, "Malam, ko za mu gwada?" Na amsa da niyyar in sassauta masa. Kafin in ankara ya cinye ni wasa uku a jere. Ban ji kunyar kayen ba kamar yadda na ji kunyar niyyar da na shiga da ita, da kuma ganin yadda aka sauko da shi kamar kayan sawa a mota.

Wannan niyya tawa ita ce ciwon da ke damun mu. Mun saba kallon nakasasshe da idon tausayi, har mun manta cewa zai iya zama abokin hamayya. Alhali ƙwallon tebur na cikin wasannin da aka buɗe gasar Olamfik ta nakasassu da su a birnin Rum a 1960, gasar da ta samo tushe daga wasannin da likita Ludwig Guttmann ya fara shirya wa sojojin da suka ji rauni a laka, a Ingila, a 1948.

Wasa ne mai tsari da ƙa'ida. An kasa 'yan wasa rukuni 11: na 1 zuwa 5 masu wasa a kan keke, na 6 zuwa 10 masu wasa a tsaye, na 11 kuma masu tawayar fahimta. Ba a rage tsawon teburi ba, ba a sassauta raga ba, maki 11 ne ake nema kamar kowa. Babban gyaran da aka yi wa masu keke shi ne wajen bugun farko: a wasan mutum da mutum, idan ƙwallon ta fice ta gefen teburi inda hannu ba zai kai ba, sai a sake. Daga nan sai basira ta yi halinta.

Duk mai shakka ya nemi labarin Ibrahim Hamadtou na ƙasar Masar. Jirgin ƙasa ya raba shi da hannuwansa biyu yana ɗan shekara goma. Da baki yake riƙe faifan bugu, da ƙafa yake cilla ƙwallon sama, kuma ya wakilci ƙasarsa a Riyo a 2016 da kuma Tokiyo. Ga Natalia Partyka ta Foland, wadda aka haifa ba ta da hannun dama daga gwiwa zuwa ƙasa: ta shiga gasar nakasassu a Sidni tana da shekara 11, sannan a 2008 ta kara da masu cikakkun gaɓoɓi a Olamfik ta Beijin.

Nijeriya ma ba baƙuwa ba ce a fagen. Tajudeen Agunbiade ya ciyo zinare a Sidni a 2000, Isau Ogunkunle kuma ya kawo tagulla daga Faris a 2024 yana kan keke. Tambayar da ke ci mini tuwo a ƙwarya ita ce: ina namu na Arewa? Nan ne shan inna ya fi daɗewa kafin a tabbatar da kawar da shi a 2020, kuma ya bar mana matasa masu ƙarfin damtse da saurin ido. Wanda ya taɓa ganinsu suna buga ƙwallo da hannu a kan 'yan katakonsu masu taya a Kano ya san ba himma suka rasa ba.

Abin da ake buƙata bai taka kara ya karya ba: teburi wanda keke zai iya shiga ƙarƙashinsa, ɗaki a ƙasa mai faffaɗar ƙofa, da mai horarwa da ya san ƙa'idojin rukunonin. Dokar hana nuna wa nakasassu wariya, wadda aka sanya wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyoyin shiga. Wa'adin ya wuce, matakala na nan daram.

Don haka ina kira ga shugabannin jami'o'i da kwalejoji da hukumomin wasanni na jihohinmu da su sanya wannan wasa cikin gasanninsu na shekara, da kofi da alƙali da kyauta ta gaske. Ni dai na rubuta wa sashen wasanninmu takarda ina roƙon a sauko da teburi ɗaya ƙasa. Ɗalibina na ajin ƙarshe, ina fatan amsar za ta riske shi kafin ya kammala. Akwai ramuwa tsakanina da shi, kuma wannan karon ba da niyyar sassauci zan shiga ba.