Tangaran Mai Shaƙar Hayaƙi da Farar Ƙasar Ƙanƙara

Duk ɗalibin da ya zauna ajin kimiyyar halittu ya san cewa ganye yana shaƙar iskar kabon-dayokzaid, ya haɗa ta da ruwa da hasken rana, ya yi wa itace abinci. Aikin da itatuwan dajin Kogo da gonakin masara na Faskari da Sabuwa suke yi ke nan. To, amma ganye ba ya iya zama a bakin bututun masana'anta, inda hayaƙi ke fitowa da zafin wuta. Ga shi kuwa iskar ta yi yawa a sararin sama. Kafin zamanin injuna, kashi 280 ne nata cikin miliyan. A shekarar 2024 ta haura 420. Ita ce babban sanadin ɗumamar duniya.

A shekarar 1998, masana biyu na kamfanin Toshiba a Japan, Nakagawa da Ohashi, suka bayyana cewa wani tangaran da aka haɗa da litiyam da zakoniyam yana shanye wannan iska idan ya ɗauki zafi, ya kuma sake ta idan aka ƙara masa wuta. Ba a jima ba aka gano wanda ya fi shi, wato haɗin litiyam da silika, sinadarin da ke cikin yashi. A lissafi, kilo 100 na garin wannan tangaran zai riƙe kusan kilo 37 na iskar. Yana shaƙa daga wajen digiri 450 zuwa 700 a ma'aunin Salshiyas. In an wuce nan sai ya amayar, a tara iskar wuri guda, a mayar da garin bakin aiki.

Sai dai lissafin takarda daban, aiki daban. Da zarar ƙwayar garin ta fara shaƙa, sai wani ɓawo ya rufe bayanta kamar ƙanzo, ya tsare hanya, cikinta ya zauna bai yi aikin komai ba. Bayan haka, yawan shiga wuta yakan sa ƙwayoyin su dunƙule, ƙarfinsu ya ragu. Nan ne masu bincike suka fi ba da ƙarfi. Dabara ta farko ita ce a yi ƙwayoyin ƙanana masu yawan ƙofofi. Ta biyu ta fi ba ni sha'awa: a zuba ɗan gishirin kabonet na fotashiyam ko na sodiyam. Kada sunan ya firgita mai karatu. Na farkon shi ne ƙarfin ruwan toka, na biyun kuwa shi ne ƙarfin kanwar da iyayenmu mata ke jefawa a miyar kuɓewa. Ɓawon shi kaɗai ba ya narkewa sai a digiri 723, amma in ya gauraya da na fotashiyam sai ya narke a wajen digiri 500, iska ta ratsa shi cikin sauƙi.

Ina Ƙanƙara ta shigo? Allah Ya albarkaci yankin da farar ƙasa, wadda masana ke kira kawolin, kuma alumina da silika ne ginshiƙanta. Masu bincike a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun daɗe suna gwaje-gwaje da ita. Idan aka cire aluminar, abin da ya rage silika ce. Tokar ƙaiƙayin shinkafa ma kusan dukkanta silika ce, kuma an riga an yi irin wannan tangaran da ita a wasu ƙasashe. Litiyam kuwa ana haƙo shi a jihohi irin su Nasarawa, inda aka buɗe masana'antar sarrafa shi a shekarar 2024.

A ganina, wahalar tana wajen litiyam ɗin. Masu yin batirin waya da na mota suna rububinsa, don haka tangaran da zai lalace bayan 'yan zagaye kaɗan ba zai biya kuɗinsa ba. Wanda ya jure shiga wuta sau ɗaruruwa, shi ne zai dace da wurare irin masana'antar siminti ta Kalambaina a Sakkwato, domin yin siminti kaɗai yana fitar da wajen kashi 8 cikin ɗari na kabon-dayokzaid ɗin da ɗan Adam ke saki a duniya.