Me ke sa giyar injin jirgin sama kuka?

A shirinmu na wannan mako mun leƙa cikin injin PW1000G na kamfanin Pratt & Whitney, wanda ya fara ɗaukar fasinja a 2016. Danginsa ne ke tuƙa jiragen Embraer E195-E2 na Air Peace. Akwatin giya ne tsakanin turbin da babbar fankar gaba: turbin ya juya sau uku, fanka ta juya kusan sau ɗaya.

To, ina ƙarar ke fitowa? Haƙorin giya in ya ɗauki nauyi yakan ɗan lanƙwasa, sai na bayansa ya shigo ba a kan lokaci ba, ya yi karo. Ku lissafa: haƙora 30, juyi 100 a daƙiƙa, karo 3,000 ke nan kowace daƙiƙa. Shi ne siririn kukan nan mai huda kunne.

Maganin fa? Ana karkata haƙoran don su riƙa shiga sannu a hankali. Da yake karkatar tana tura sandar gefe, sai a yi layi biyu kamar harafin V, turin ya soke juna. Ana kuma goge bakin haƙori, abin da bai kai kaurin gashi ba.

Ba don kunne kaɗai ake wannan wahala ba, girgiza tana gajiyar da ƙarfe. Shi ya sa manyan jirage masu saukar ungulu ke ɗauke da na'urar auna girgiza: da ta canza, injiniya ya buɗe akwatin tun a ƙasa.