Stephen Keshi: Kocin Da Ya Yarda Da 'Yan Wasan Gida

'Yan uwa ɗalibai, a wannan makon mun kawo muku tarihin marigayi Stephen Keshi, wanda ake yi wa laƙabi da Big Boss. Yawancinmu sunansa kawai muke ji a bakin yayyenmu, domin lokacin da ya yi tashe ko dai muna goye ko ba a haife mu ba.

An haife shi a 1962. Ɗan wasan baya ne, ya buga wa New Nigeria Bank ta Benin, ya wuce Kwaddibuwa, sannan Anderlecht ta Beljiyam da Strasbourg ta Faransa. Shi ne kyaftin ɗin Super Eagles da ta ci kofin Afirka a Tunisiya a 1994, bayan ta doke Zambiya 2-1.

Da ya zama koci ya sha wuya. Ya kai Togo gasar cin kofin duniya ta 2006, karo na farko a tarihinta, amma kafin a fara gasar aka sallame shi aka ɗauko Bajamushe. Ka yi noma wani ya girbe! Mu dai a ganinmu ba a kyauta masa ba.

Abin da ya fi burge mu shi ne na 2013. Da zai tafi gasar Afirka a Afirka ta Kudu, ya ajiye manyan taurari irin su Osaze Odemwingie, ya ɗauki 'yan wasa shida masu bugawa a gida, har da Reuben Gabriel na Kano Pillars. Mutane suka yi ta surutu cewa ba za a je ko'ina ba. Sai ga ɗaya daga cikinsu, Sunday Mba, ya zura ƙwallon da ta fitar da Kwaddibuwa ta su Drogba. A wasan ƙarshe ma shi ya ci Burkina Faso, aka tashi 1-0. Da wannan Keshi ya zama mutum na biyu da ya ci kofin yana ɗan wasa kuma yana koci, bayan Mahmud El-Gohary na Masar.

A 2014 ya kai Najeriya zagaye na biyu na kofin duniya a Brazil, gasar da Ahmed Musa ya ci Ajantina biyu. Ya rasu a Benin a watan Yuni na 2016, yana da shekara 54. Yanzu babban filin wasa na Asaba sunansa yake amsawa.